Kuɗin ƙaramar hukumarmu ina suke shiga ne? Garinmu yana mutuwa muna kallo

Ɗan Bakin Kasuwa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman wanda ya san harkar ƙaramar hukuma ciki da bai ya warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Ba zan ambaci sunan garinmu ba saboda ba tonon silili na zo yi ba, mafita nake nema.

Ni ɗan tireda ne, shagona yana bakin kasuwa, wajen mahaifina na gaje shi. Kasuwarmu ta hatsi ce da dabbobi, mako-mako take ci, da can tun daren jajiberi za ka ga manyan motoci sun yi layi har bakin firamare suna jiran lodin masara da dawa da wake. To daminar bara kwalbatin da ke kan hanyar shiga kasuwar ya rufta, wata babbar mota ce ta hau da lodi ya burma da ita, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Washegari aka zo daga sakatariya su huɗu har da mai riƙe da tef yana aune-aune, aka ɗauki hoto aka ce nan da sati biyu za a fara aiki. Yau ga wata daminar tana shirin wucewa ramin sai ƙara faɗi yake, mu ne muka yi karo-karo muka cika buhuna da ƙasa muka jera muka ɗora katako don masu mashin da masu baro su samu wucewa, ruwan farko ya tafi da rabinsu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ciwo. Direbobi suka ce ba za su yi kasada da motocinsu ba suka koma kasuwar da ke gaba da mu, dillalai suka bi su, manoma suka bi dillalai, yaran da ke dako da ɗinkin buhu suka watse wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Akwai wata baiwar Allah mai tuwo kusa da shagona, da tiya shida take tuƙawa ran kasuwa kafin la'asar ta sayar, yanzu tiya biyu ma sai ta koma gida da saura, kuma marayu take riƙe da su. Ni kaina katan ɗin sabulun da yake ƙarewa a wuni yanzu sati yake yi.

Amma masu rebenu ba su taɓa fashi ba wallahi, ko ran da ake ruwa sai sun zo, kowace rumfa kowane buhu kowace akuya sai an biya, wani lokaci a ba ka rasit babu hatimi wani lokaci a ce rasit ya ƙare ka bayar kawai. Bola ta kusa cinye bayan mayanka, rijiyar burtsatsen kasuwa shekara biyu kenan da lalacewa sai 'yan garuwa. Sau uku muna zuwa sakatariya da shugabannin kasuwa, daga maigadi sai masinja muke tararwa, ciyawa har ƙugu, ga tsohuwar tifa da gireda an ɗora a kan duwatsu sun yi tsatsa. Ciyaman a babban birnin jiha yake zaune da iyalinsa. Da ranar albashi ake ganin ma'aikata, yanzu da alat ke shiga waya ko wannan babu.

Tambayata ita ce, mun ji a rediyo kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake cewa kason da ake rabawa ya ƙaru sosai. Shin kuɗin nan yana zuwa hannun ciyaman ne yana cinyewa, ko tun a sama ake tare shi? Wa za mu kama? Kuma akwai hanyar da talaka irina zai san nawa aka turo da sunan garinsa?


Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumussalam ɗana. Na karanta duka kuma raina ya ɓaci domin abin da ka faɗa na gan shi da idona a wurare da dama. Shekara 31 na yi a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, bari in gaya maka yadda abin yake, ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Kuɗin da ake rabawa a Abuja duk wata daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60, sannan a kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, suna da kashi 35. Ka ga ba ƙaramin kuɗi ba ne. Matsalar tana cikin tsarin mulkin 1999 ɗin kansa, sashe na 162 shi ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, wanda mu ma'aikata muke ce wa joyin akawun, kuɗin ƙananan hukumomi ya faɗa can tukuna kafin a raba musu. To a nan gizo ke saƙa. A zamaninmu duk wata ana kiran taro a ma'aikatar ƙananan hukumomi, ciyamomi su je su zauna, a karanto musu abin da aka cire. A cire albashin malaman firamare a tura hukumar ilimin bai ɗaya, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire na sauran ma'aikata, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire na horar da ma'aikata, duk wannan da hujjarsa ban ce komai ba. Sai a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, nan ne za a ce an sayo taki ko motoci ko magani ko an ba da kwangilar titi a madadinku, kai ba ka ga ɗan kwangilar ba ba ka san farashin ba, sa hannu kawai za ka yi. Wata rana titin ma a cikin birni yake, kuɗin ƙauye ne ya yi shi. Abin da ya rage shi ake turo mana, kuma na sha ganin watan da bai isa gina aji biyu ba. Doka ta ce jiha ma ta ba ƙananan hukumomi kashi 10 na harajin da ta tara a cikin gida, ni dai har na bar aiki ban taɓa rubuta shi a littafina ba.

Hukuncin da ka ji gaskiya ne. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya kai jihohi 36 ƙara, ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, duk inda kantoma ke riƙo kada a ba da kuɗi. Shi ya sa ka ga jihohi sun yi ta rige-rigen yin zaɓe a ƙarshen shekarar. Sai dai yanke hukunci daban aiwatarwa daban, yaran da na bari a ofis suna gaya min a jiharmu har yanzu tsohuwar hanya ake bi. Tun 2019 ma hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta taɓa kafa ƙa'idar kada a ciri tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka yi ta faɗa da ita har kotu.

Amma kada wannan ya sa ka wanke ciyamanku. Kuɗin kasuwa da na tasha da na mayanka ba sa zuwa Abuja ba sa shiga joyin akawun, a garinku ake karɓa a garinku suke tsayawa. Kuma tsarin mulkin nan ya lissafa aikin ƙaramar hukuma ƙarara, kasuwa, tasha, mayanka, kwashe shara, magudanun ruwa, ƙananan hanyoyi, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa. Kwalbati guda ɗaya bai fi ƙarfin rebenun kasuwar hatsi ba in da ana shigar da shi baitulmali. Abin da ake yi shi ne a ba wani ɗan siyasa kasuwa a matsayin ladan wahalar zaɓe, a yanka masa abin da zai kawo duk wata, sauran nasa ne, shi ya sa kake ganin rasit babu hatimi, bugun gida ne.

Ina yaro na riski ƙarshen zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Akwai zalunci a karɓar haraji da jangali ba na musu, na ga an ɗaure dattijo a rana saboda haraji, kuma da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan sun hau mulki a 1979 talakawa sun yi murna kuma sun yi gaskiya. Amma a lokacin duba-gari yana shiga gida-gida ya leƙa randa, kwata ba ta kwana a toshe, domin hukuma ta san daga aljihun mutanen garin take ci. Yanzu ido yana Abuja da gidan gwamnati, babu mai jin tsoron mutanen gari.


Maman Ummi:

Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya, yau na fahimci abin da na daɗe ban gane ba. Ɗan'uwa mai tambaya kai kasuwa ce ta dame ka, mu mata asibiti ne. Watan da ya wuce ƙanwata naƙuda ta kama ta wajen ƙarfe ɗaya na dare muka kai ta asibitin sha-ka-tafi na garinmu, ginin fes an sha masa fenti bara har da allo mai hoton manya a bakin ƙofa, amma muna shiga duhu, sola ɗin da aka saka batirinsa ya mutu tun da daɗewa. Yarinya ɗaya muka tarar kuma 'yar sa-kai ce ta gama makarantar koyon aikin lafiya shekara huɗu ba a ɗauke ta aiki ba, ita ke kwana a wurin kyauta. Ni na riƙe mata fitilar waya ta karɓi haihuwar, hannuna yana rawa, safar hannu da reza da auduga duk sai da mijin ya je ya buga wa mai kemis ƙofa, ruwa kuma jarka biyu muka ɗauko daga gida. Da jini ya ɓalle mata a daren nan wallahi sai dai wani ikon Allah, don babban asibiti yana da nisa kuma motar asibitin tayoyinta ma babu.

Abin da ke ƙona min rai an ce a takarda ma'aikata sun fi goma a asibitin nan, ina suke? Wasu matan manya ne suna birni albashi yana shiga. Kuma ran zaɓe mu mata mu ne muke cika layi tun asuba da goyo a baya, a ba mu taliya da sabulu da atamfa shikenan sai bayan shekara uku. Ni dai in za ku tashi tsaye ku sa mata a ciki dan Allah, kar ku yi taronku ku kaɗai a majalisa ku ce kun wakilce mu, muna da ƙungiyoyin adashi da na islamiyya kuma in muka ce za mu fito muna fitowa.


Tsohon Kansila:

Salam. Na yi kansila zango ɗaya, kuma na san da na faɗi haka wasu za su ce ga ɓarawo ya zo kare 'yan'uwansa, ba komai zan faɗi abin da na sani tsakanina da Allah. Abin da Baba ya faɗa babu ƙarya ko ɗaya. A shekarun da na yi sau biyu kacal na ga takardar kasafin kuɗi, ita ma an kawo ta ne a ce mu sa hannu yau-yau za a mayar birni. Na rubuta buƙatar gyaran rijiyoyi uku a mazaɓata har na gaji, ƙarshe da alawus ɗina na gyara ɗaya.

Tushen abin zaɓe ne. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shiryawa, gwamna ne ya naɗa ta, ku duba abin da ya faru a Oktoban 2024, a Kano NNPP ta cinye duka 44, a Kaduna APC ta cinye duka 23, a Jigawa APC duka 27, kowace jiha jam'iyyar gwamna ce take share fage, ba maganar jam'iyya ɗaya ba ce duk haka suke. A Kano ma da farko naira miliyan 10 aka sa kuɗin fom na ciyaman, kansila miliyan 5, sai da aka je kotu. To wanda aka rubuta sunansa a gidan gwamnati ko ya ci bashi ya sayi fom, wa zai ji tsoro, kai mai shago ko wanda ya ba shi kujerar? Ko gobe aka turo kuɗin kai tsaye, in aka kira shi aka ce ya dawo da kaza zai dawo da shi.

Sannan mu ma jama'a da namu. Tun sallar asuba ƙofar gidana cike take, wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da 'ya, wannan takardar magani, kuma ban ga laifinsu ba talauci ne, amma a duk zamana mutum biyu ne kawai suka taɓa zuwa min da maganar aikin gari. In ka hana ɗari biyar ka ce za ka tara a yi kwalbati sunanka marowaci. Wannan na daga cikin abin da ke korar ciyamomi zuwa birni, ban ce uzuri ba ne, wanda ba zai iya zama da mutanensa ba bai kamata ya nemi kujerar ba tun farko.


Kwamared Na Ƙauye:

Honarabul mun gode da ka faɗi gaskiya amma ban yarda a raba laifin daidai ba, mai roƙon ɗari biyar yunwa ce ta kawo shi, mai sa hannu a kan miliyoyi da idonsa biyu ya sa. In asibitin Maman Ummi yana da magani wa zai zo ƙofarka da takarda?

Yaya mai tambaya, amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce eh akwai hanya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tana fitar da rahoton rabon kuɗin nan na wata-wata a shafinta na intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma da suna da adadi, ofishin babban akanta na ƙasa ma yana fitarwa. Ka sa wani yaro mai waya ya sauko maka da na wata shida ku rubuta a babbar takarda. Mu haka muka yi a ƙungiyar ci gaban garinmu, muka karanta wa dattawa a ƙofar gidan dagaci bayan sallar juma'a, wallahi wurin ya yi tsit, wani tsoho sai da ya ce a maimaita masa sau uku. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kuna da ikon rubuta wasiƙa ku nemi a gaya muku nawa aka tara a kasuwa da inda aka kashe, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Galibi ba sa amsawa, amma ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku, wannan takardar ita za ku kai gidan rediyo da ɗan majalisar jiharku. Akwai kuma 'yan Tracka na ƙungiyar BudgIT masu bin diddigin ayyukan gwamnati, ku tura musu hoton kwalbatin. Shawara ɗaya, kar mutum ɗaya ya sa kansa a gaba, ku sa hannu da yawa da sunan ƙungiyar kasuwa, kuma ban da zagi a Facebook don da shi ake samun hanyar kama mutum a bar maganar kwalbati.


Ba'adare:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ni daga Nijar nike biye da ku. Wanga ciwo namu ne duka. Mu nan da can magajin gari muke da shi da 'yan majalisarshi, kuma tun watan Afrilun 2024 hukumomin soja sunka rushe su duka sunka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Wasu wurare mutane sun ce an ga canji wajen shara da tsarin kasuwa, wasu wuraren kuma tikitin kasuwa da lampo, wato haraji, dai ake amsa kamar da, kuma wanda ba kai ka zaɓe shi ba wuyar tambaya gare shi. Abin da munka yi garinmu da gulbi ya cinye muna hanya, 'yan garin da ke Kwatano da Legas da Agadas sunka aiko kuɗi, munka yi gayya, amma sai da munka tilasta hukuma ta kawo mota da siminti, don in kunka yi komai da kanku gobe ma ku za a bar ma shi. Allah shi gyara muna ƙasashenmu.


Ɗan Bakin Kasuwa:

Amin ya rabbi. Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba maganarka ta rebenun kasuwa ita ta fi tsaya min, don ni duk tunanina a Abuja abin ya maƙale, ashe wanda ake karɓa a hannuna duk sati ma ya isa a fara tambaya a kansa. Jiya da daddare na zauna da sarkin kasuwa da shugaban dillalai da na 'yan dako na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Mun tsayar daga kasuwa mai zuwa duk wanda ya biya sai ya karɓi rasit mai hatimi, babu rasit babu kuɗi, kuma za mu tara rasit ɗin wata guda a wajen mutum ɗaya mu lissafa mu ga nawa ne. Ɗan ƙanena ya ce zai sauko mana da takardar rabon kuɗin gobe in an kawo wuta. Maman Ummi saƙonki ya isa, mai tuwon da na ba da labarinta ta ce ita za ta tara matan kasuwa, kuma za mu sa maganar asibitin garinmu a wasiƙar don namu ma haka yake.

Baba dan Allah in ba damuwa, wasiƙar nan wa ya kamata mu rubuta wa, ciyaman ko sakatare ko ma'aji, kuma da Hausa za a iya ko dole sai da turanci? Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a rumfar sarkin kasuwa, ina so in je da ita a rubuce.